Kada Ki Dami Malam

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Inna ta ce mini ka daina shan maganin hawan jini wai don ka ji sauƙi. Kawu, ni da nake wuni cikin jinin mutane nake gaya maka, sauƙin nan maganin ne ya kawo shi, ka koma kansa. Mu nan lafiya lau muke. Amaryarka ta fara haƙoran sama, ba abin da ya tsira daga bakinta, har igiyar cajin kwamfutata ta tauna.

Na zaɓi in rubuto ne don na san kunnenka da waya ba sa shiri. Ran nan da na kira na yi minti goma ina ba ka labarin karatu, kai kuma kana ta cewa "Allah ya jiƙansa". Shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan takarda, tunda duk Laraba yana bi ta ƙofar gidanku, ya dawo Alhamis.

Albishirinka, na gama darussan digiri na biyu da nake yi ta intanet, zango uku cif, saura bincike. Ni kaina ban san yadda aka yi na kai nan ba. Mu arba'in da biyu muka fara, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba sai a ɗan hoto kamar na katin asibiti. Yanzu a zauren da muka buɗe a waya saura mu goma sha ɗaya. Ba wanda yake yin sallama. Sai dai ka ga mutum ya daina magana, bayan wata biyu ka ga an rubuta ya fita. Wata malamar makaranta haihuwa ce ta zo mata ana tsakiyar jarrabawa. Wani an mayar da shi aiki inda sai ya hau tudu yake samun sabis. Wani kuwa cewa ya yi shi kawai ya gaji da magana da gilashi.

Ni ajina sito ne. In an tashi cin abincin rana a ɗakin gwajin jini, sai in shige sitonmu, in ɗora kwamfuta a kan kwalin safar hannu, in zauna a kan wani kwalin. Minti arba'in nake samu, in dai ba a ƙwanƙwasa an ce ga jinin gaggawa daga ɗakin haihuwa ba. A gida kuwa ba wanda ya ɗauke ni ɗaliba. Da a ce jaka nake rataya in fita, da an ce ta tafi makaranta. Amma mace a zaune a falo tana kallon kwamfuta, a wurin uwar mijina zaman banza take yi, sai ta miƙo mini yarinya ta ce in riƙe tunda ba abin da nake yi. Baban yara yana ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba, sai dai shi ma yakan leƙo ya ce, "Har yanzu fim ɗin bai ƙare ba?"

Ga abin da ya sa na rubuto. An ba ni malamin da zai duba bincikena, a kan ƙarancin jini a wurin masu juna biyu. Ban taɓa ganinsa ba, ban taɓa jin muryarsa ba, sunansa kawai na sani. Na tura masa babi na ɗaya ta shafin makaranta, yau sati biyar ke nan, shiru kake ji. Kullum sai na buɗe shafin sau uku ko huɗu. Akwai wani ɗan ajinmu mai kemis, malaminmu ɗaya da shi. Ya ce shi duk Litinin sai ya tura masa saƙo yana neman a sa musu lokacin ganawa, har sai da ya amsa, wai ni ma in yi haka. Ni kuwa abin ya yi mini nauyi, gani nake kamar rashin kunya ne. Kai ka yi shekara talatin da biyar kana koyarwa, kuma kai ka matsa mini sai da na shiga karatun nan. Me ka gani?

A gaida Inna da kyau.

'Yarka.

*

Uwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso da la'asar, na karanta ta sau biyu, sau ɗaya don labari, sau ɗaya don in ga ko rubutunki ya gyaru. Bai gyaru ba, kwamfuta ta lalata miki hannu. Ƙafa da sauƙi. Magani kuma na koma sha, ba don tsoronki ba, don Innarki ta ɓoye mini rediyo ta ce sai na sha za ta fito da ita. Ki gaida mini amaryata, ki ce mata ta bar cin igiya, mijinta yana nan tafe da abin taunawa na gaske.

Na yi murna ƙwarai da gama darussanki. Ranar da ƙanwata ta rasu ta bar mini ke kina 'yar shekara shida, na ce a raina yarinyar nan da ta ci sunan uwata sai ta wuce inda na tsaya. Ni digiri ɗaya na yi, shi ma sai da na fara sanƙo. Ke ga ki a bakin na biyu.

To, batun malami. Kada ki kuskura ki bi shawarar mai kemis. Shi ɗan kasuwa ne, ya saba kiran mai wucewa ya zo ya saya. Ilimi ba haka ake nemansa ba. Bari in ba ki labarina. Lokacin da nake nawa binciken, malamina wani dogon mutum ne mai tabarau, ba ya dariya. Na kai masa babina, ya karɓa ya ajiye a gefe. Akwai wani benci a ƙofar ofishinsa. Kullum in na fito daga aji sai in zauna a kai da littafina, in ya fito in miƙe in gaishe shi, ya wuce abinsa. Sati uku muna haka. Abokaina masu ƙwanƙwasa ƙofa safe da yamma korarsu yake yi, ya tura aikinsu ƙarƙashin tarin takardu. Ran nan ya fito ya tsaya a kaina ya ce, "Kai ba ka da baki ne? Shigo." Daga ranar ya riƙe ni kamar ɗansa, har gidansa nake zuwa. Daga baya ya gaya mini haƙurina yake gwadawa.

Malami ba ya manta ɗalibi, Uwata. Na yi malanta, na sani. Yaron da ya yi shiru a bayan aji shi ne idona ya fi zama a kansa. Kin tura aiki, kin sauke naki nauyin. Kada ki sake tura masa ko kalma ɗaya, kuma ki daina leƙen shafin nan kamar mai jiran tukunya ta tafasa, ba abin da zai ƙara miki sai ƙaiƙayin hannu. Ki kama aikinki da gidanki, ran da ya shirya shi zai neme ki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. In dai har yanzu ni ne ubanki, to wannan umarni ne ba shawara ba.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a zaune.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, wata huɗu ba kaɗan ba ne. Amaryarka ce ta yi ƙyanda, muka yi kwana tara a asibitin da nake aiki. Da safe in gwada jinin 'ya'yan mutane, da yamma in koma gefen gadonta. Ta warke, ta ɗan rame, amma bakin yana nan. Abokiyar aikina kuma ta bi mijinta wani gari, ba a kawo madadinta ba, saboda haka minti arba'in ɗin nan na sito sun tafi. Ka ce wa Inna na karɓi saƙonta, amma a tsaye nake ci har yanzu.

Na bi maganarka. Ban tura wa malam komai ba, shafin ma na daina buɗewa tun ranar da takardarka ta zo. Da farko hannuna yakan kai kansa, sai in tuna in janye. Yanzu ko tunawa ba na yi. Kwamfutar tana saman kwaba a cikin jakarta. Mai kemis ya yi ta tambayata ina na kwana, na daina ba shi amsa. Daga baya na fita daga zauren gaba ɗaya, don surutunsu na babi kaza da babi kaza yana sa ni ciwon kai.

Gaskiya, Kawu, na samu hutun da na daɗe ban samu ba. Ba wanda yake nemana da wani aiki daga makaranta, ba abin da ya rage a kaina da zan yi. Uwar mijina har cewa ta yi na yi ƙiba. Wani lokaci in na shiga sito ɗauko kaya nakan tsaya in kalli kwalin nan, in ji wani iri, ban san me zan kira shi ba. Ina ganin dai ƙarshen abin ya zo kusa.

'Yarka.

*

Uwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta yi sati biyar a hanya. Motar direba ce ta lalace, takarda tana aljihun gaban mota, mota tana wurin bakanike. Da ya kawo ta duk ta sha baƙin mai, sai da na ɗaga ta a rana sannan na iya karantawa. Sannu da jinya. Ashe Innarki ta san amaryata tana kwance ta ɓoye mini, wai saboda hawan jini. Mun yi faɗa, na ci nasara, amma ban samu abincin rana ba.

Ƙarshen takardarki shi ya wanke mini zuciya. Kin ce ba abin da ya rage a kanki, kin ce ƙarshe ya zo kusa. Ban gaya miki ba? Na san halinki tun kina ƙarama, in kin zo ta ɗaya a aji sai ki sa takardar sakamako a ƙarƙashin faranti ki gudu. Shi ya sa kika faɗe shi a dunƙule. Alhamdu lillahi. Mai kemis ya zo ya ɗauki darasi.

Na karanta wa abokan zamana na ƙofar shagon tela wannan layin har sau biyu. Tsohon ma'aikacin gidan waya ya ce shi bai yarda ana yin digiri a cikin kwamfuta ba, na ce ya jira ya ga hotonki da hular nan mai kusurwa huɗu. Tela ya riga ya auna ni, zai ɗinka mini sabuwar riga ta ranar yaye ku. Na ce ya yi mata babban aljihu saboda hankici, don na san zan yi abin kunya a gaban mutane.

Ki rubuto mini ranar da aka sa. Kuma ki tambaya ko ana barin iyaye su gaisa da malamai, ina so in riƙe hannun mutumin nan in yi masa godiya.

Kawunki.

*

Uwata,

Lafiya kuwa? Laraba bakwai ke nan ina fita bakin titi. Direba ya rantse ya ba ki takardata hannu da hannu a ƙofar asibiti, ya ce kin sa ta a aljihun farar rigarki. Innarki ta kira ki sau uku, kin ce kina aiki za ki kira, ba ki kira ba. Ta kira mijinki ya ce lafiya kuke, amma ta ce muryarsa ba ta yi mata ba.

Riga ta fito, tana rataye. Mutanen ƙofar tela sun fara tambayata rana, ina ce musu an ɗaga.

In wani abu na yi miki, ki faɗa. In kuma ciwo ne, kada a sake ɓoye mini. Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ni dai ban iya wannan jiran ba.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, ba mai ciwo, ka kwantar da hankalinka ta wannan gefen. Ka sha maganinka kafin ka ci gaba da karantawa, kuma ka zauna.

An cire sunana daga makaranta.

Saƙon ya shigo wayata ranar Litinin, takardarka ta murna ta zo ranar Alhamis. Sun ce dokarsu ita ce duk ɗalibin bincike da ya yi zango biyu bai nemi ganawa da malaminsa ba, bai cike takardar ci gaban aiki ba, to ya bar karatu da kansa. Dokar tana cikin littafin da suka turo mana tun farkon shiga, shafi tamanin, wa ya karanta? Na gwada buɗe shafin, ya ce bai san ni ba. Sun ba ni kwana ashirin da ɗaya in rubuta uzuri. Na sauko da kwamfuta ya fi sau biyar. Wurin da aka ce a rubuta dalili, me zan sa? In ce ladabi nake yi? Sai in ɗauko takardarka in ga tela ya auna ka, in rufe duka biyun. Haka kwanakin suka ƙare a kan idona, ko baban yara ban gaya wa ba sai da suka wuce.

Ban taɓa mayar maka da magana ba, Kawu, ka yafe mini wannan. Malaminka ya gan ka ne don akwai benci, akwai ƙofa, kuma dole ya wuce ta gabanka in zai tafi gida. Mu ba mu da benci. A can wanda ya yi shiru ba a ganinsa a matsayin mai haƙuri, ba a ma ganinsa sam. Mai kemis ya kira ni da ya ji labari. Ya ce malamin nan ɗalibai sittin ne a hannunsa, kowa da garinsa, wanda ya nema shi yake gani. Shi yanzu yana babi na huɗu.

Amma ba zan ɗora maka duka ba, Allah yana gani. Ranar da umarninka ya zo, daɗi na ji. Na gaji, Kawu. Na gaji da karatu a kan kwali. Na gaji da zama ɗalibar da ba wanda ya san ɗaliba ce, ba abokiyar zama, ba wanda zan haɗu da shi a hanya ya ce kin yi aikin jiya? Ina neman wanda zai ce in ajiye, sai kai ka faɗa, kuma ka sa wa abin suna mai kyau. Tun wata na uku na san a raina shirun ya yi yawa. Da na so da na leƙa sau ɗaya ba tare da ka sani ba. Ban leƙa ba don ina tsoron in tarar da aiki, kuma ina tsoron in tarar babu komai.

Takardata ta baya kuka na rubuto maka, ban dai iya fitar da shi fili ba. Da ka karanta ta a matsayin albishir sai na rasa ta inda zan ɓullo maka.

Kullum masu ciki suna miƙo mini hannu in ɗebi jini, ina ganin abin da na so in rubuta yana wucewa ta gabana. Wannan yana yi mini ciwo, amma bai kai tunanin ka tsaya a gaban abokanka ba. Ka ba su haƙuri. Rigar kuma ka riƙa sa ta, kada ta tsufa a rataye.

'Yarka.

*

Uwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Lafiya muke. Na yi kwana biyu ban iya cin abinci ba bayan takardarki, a na uku na ce wa Innarki ta haɗa mini jaka. Adireshin makarantarku yana jikin takardar shaidar shigarki da kika ba ni ajiya. Wuni guda na yi a mota.

Na zaci zan ga fili da azuzuwa da ɗalibai suna kai da komo. Hawa na biyu ne a wani bene, ƙasansa masu sayar da kayan gini. Ɗaki uku, da wata mata a bayan tebur. Na tambayi ofishin malaminki, ta ce ai ba shi da ofis a nan, yana wani gari, ita ma sau ɗaya ta taɓa ganinsa ido da ido. Na duba barandar daga farko har ƙarshe, ko kujera ɗaya babu ta mai jira.

Na miƙa mata takardar roƙo da na rubuta da hannuna, shafi uku, na ce laifina ne. Ta karanta har ƙarshe, Allah ya yi mata albarka, sannan ta ce, "Baba, an rufe karɓar uzurinta fiye da wata guda, kuma ba ni nake rufewa ba. In tana so ta sake nema baɗi. Sai dai an canza tsarin darussa, daga farko za ta fara." Na ce ko za a bar ni in yi magana da malamin. Ina jin tausayin furfurata ta ji. Ta kira shi a kwamfuta, ta sa mini abin ji a kunne, ta ƙure sauti.

Uwata, ashe matashi ne, na girmi ubansa. Yana zaune a cikin mota yana cin abinci a kan gwiwarsa. Da na faɗi sunanki bai yi dogon tunani ba. Ya ce, "Mai ƙarancin jini? Ai na amsa mata, Baba. Na yi jinkiri, gaskiya ne, aiki ya yi mini yawa, amma na amsa. Babinta yana cikin uku mafi kyau da na karanta a shekarar. Na ce ta zaɓi rana mu gana, na sake tuna mata sau biyu. Da na ji shiru sai na ɗauka ta tafi, haka suke tafiya ba sallama." Matar ta ce duk saƙonnin malamai a cikin shafin suke zama, na kora kaɗai ake turawa waya. Ta duba ta gaya mini ranar da ya amsa. Na ƙirga da yatsuna a gabanta. Kwana shida bayan takardata ta same ki.

Na ce na gode, ta cire mini abin kunnen.

Ki daina raba laifin nan biyu don ki rage mini. Gajiya kowa yana yi, amma da na ce ki leƙa da kin leƙa. Kin tambaye ni abin da ban sani ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ba ki labarin shekara arba'in da suka wuce, na ɗaure ki da sunan uba. Duk tsawon malantata ina gaya wa yara wanda bai gane ba ya ɗaga hannu. Ke kika ɗaga naki, ni na sauke miki shi. Na yi nadama, Uwata, irin wadda ban taɓa yi ba. Na gaya wa mutanen ƙofar tela gaskiya, na ce ba faɗuwa kika yi ba, ni na cire ki. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi.

Matar ta buga mini gyaran da malamin ya yi miki, shafi huɗu. Na yi ta tunani a mota ko in ƙona su don kada su ƙara miki ciwo. Sai na ga na riga na yanke miki hukunci sau ɗaya, ya isa. Ga su nan a cikin ƙaramin ambulan, in kin so ki buɗe.

Ki yafe mini.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta ce ƙafarka ta kumbura bayan tafiyar nan, ka riƙa ɗora ta a kan matashi. Da ka tambaye ni da ban bari ka je ba, ina jin shi ya sa ba ka tambaya ba.

Na yafe tun kafin ka roƙa. Kai ma ka yafe mini makonnin da na bar ka a bakin titi.

Ambulan ɗin ya yi kwana biyu a jakata, ranar Asabar na buɗe. Kawu, ba wani abu ne mai wuya ba. Ya ce in rage gabatarwa, in kawo alƙaluman shekarun nan kusa, in bayyana yadda zan zaɓi matan da zan yi aiki da su. A ƙasa ya rubuta, "Wannan aikin wadda ta gani da idonta ne. Mu gana da wuri." Aikin sati biyu ne kacal. Na zauna na yi kuka mai isata, har uwar mijina ta ɗauki yarinya ta fita da ita ba tare da na roƙa ba.

Batun sake nema baɗi, kada ka sa rai. Ba ni da ƙarfin zango uku a jikina yanzu, kuma ba zan yi maka alkawarin da ban tabbatar zan cika ba. Wataƙila wata rana, wataƙila babu. Wannan digirin dai ya tafi, kuma ina jin zafinsa.

Sai dai na kasa barin gyaran. Na sauko da kwamfuta na yi shi duka, ɗaya bayan ɗaya, kwana goma sha ɗaya. Da na gama na kai hannu zan tura, sannan na tuna ba ni da inda zan tura shi.

Shi ne na buga shi a takarda, ga shi nan, shafi goma sha tara. Ba maki a kansa, ba takardar shaida a bayansa. Ka nemo jan biro ka duba mini, kai ne malamin da ya rage mini. Na ba ka sati biyu. In ban ji daga gare ka ba zan sake rubutowa, in kuma sake, har sai ka amsa.

'Yarka.